Jan Bawul na Tashar Tsakiya

Litinin, daga tashar tsakiya

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mamanki da ciwon ƙafarta. Zan sa takardar nan cikin akwatin kwalaben samfur, direba ya miƙo miki ɗakin gwaji. A kwarin nan waya ba ta kamawa, oba-oba kuwa kowa na jin abin da aka faɗa, har masu gadi.

To, an ce sabon maganin da ake zuba wa kwaɓin kwal naki ne, ke kika haɗa shi. Da injiniya ya faɗa a gaban ma'aikata, wallahi sai da na gyara zaman hulata. Shekara ashirin da shida ina tura garin kwal da ruwa cikin bututun nan daga masana'anta zuwa gidan wutar lantarki, yau ga shi abin da 'yata ta dama nake turawa. Wai shi ke hana garin dunƙulewa, ya riƙa sulɓi ko da an rage ruwa. Haka ne?

Sai dai tun ranar da kwaɓinki ya iso, muryar injin ta canza. Gurnani yake yi kamar tsohon da aka tasa daga barci. Kada wannan ya dame ki, na san yadda nake lallaɓa kayana. Allurar agogon matsi ta ɗan hau, ita ma ina sa mata ido.

Ki ce wa mamanki ta aiko mini da wata butar shayi. Ruwan rijiyar nan ya cinye wannan, cikinta ya yi fari fat da ɓawo, sabulu ma sai ka goge rabinsa kafin ka ga kumfa.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Alhamis, daga ɗakin gwaji

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da aiki, Mama ma tana gaisuwa, ga butar nan.

Haka ne, Baba. Maganin yana naɗe kowace ƙwayar gari ne, sai su riƙa ture juna maimakon su manne. Shi ya sa muka ƙara kwal muka rage ruwa. Gurnanin da kake ji nauyin kaya ne, ba ciwo ba. Na rubuta wannan a takardar da aka raba wa tashoshi, amma na san taka tana rataye jikin ƙusa ba ka buɗe ba.

Allurar ce ta hana ni sukuni. Daga masana'anta zuwa wajenka bututun lafiya lau yake. Daga wajenka zuwa gidan wuta kuwa matsi sai hawa yake kullum, alamar gari yana kwanciya a ciki. In ya toshe, sai an tone kilomita talatin ana yankawa. Jiya manaja ya kira ni ofis, ko kujera bai nuna mini ba. Ya ce ranar Alhamis ta makon jibi kwamiti zai zauna, in ban kawo dalili ba a koma tsohon magani, ni kuma in ajiye musu farar rigarsu.

Abin da ya ɗaure mini kai, kwalaben da kake aikowa ba su da aibu ko kaɗan. Duk daga famfon gaban inji kake ɗiba. Don Allah wannan karon ka ɗebo mini daga famfon bayan inji, inda kwaɓin ke fita. Kuma ka faɗa mini, akwai abin da ke shiga bututun a wajenka?

Ka huta lafiya.
'Yarka

Litinin

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Buta ta iso, an gode.

Famfon baya ya ci tsatsa, ya ƙi juyawa. Ga kwalabe daga inda aka saba. Me kuwa zai shiga bututu a dajin nan, aljanu?

Ki ji shawarar tsoho. Ki je wajen manaja tun kafin kwamiti, ki ce maganin yana son ƙarin gyara, a koma tsohon na ɗan lokaci. Ba abin kunya ba ne. Ke yarinya ce, gaba na nan. Ni dai a nan ina iya ƙoƙarina a kanki, fiye da yadda kike zato.

Ki gai da mamanki.
Babanki

Alhamis

Baba,

Ina gaisuwa. Ka yafe mini, yau ba zan iya doguwar gaisuwa ba.

Famfon baya bai ci tsatsa ba. Direba ya ce ranar Litinin a gabansa ka buɗe shi ka cika bokiti.

Maganar butarka ce ta tsaya mini a rai. Da direba ya zo, na ga jarkar da yake cikawa a rijiyarku saboda lagireto. Na roƙi rabin kofi. Na ɗauko kwaɓina mai kyau, wanda ke zuba daga cokali kamar mai, na ɗiga masa ruwan nan. Baba, ko minti biyar ba a yi ba ya kama jikinsa, ya yi gudaji, garin ya zauna a gindin kwalba. Sau huɗu ina maimaitawa ina addu'ar in ga akasin haka. Ruwanku na zartsi ne. Abin da ke cinye maka sabulu shi ke cinye maganina. Tsohon magani bai damu da shi ba, nawa kuwa ba ya jure shi.

Na tuna jan bawul ɗin da ke bayan inji, wanda aka sa don wankin bututu. Ina 'yar firamare ka kai ni tashar, injin ya yi gurnani, ka buɗe shi kaɗan ka kashe mini ido, ka ce ƙishirwa yake ji. Ka ce kada in faɗa wa kowa, don an hana. Ban taɓa faɗa ba.

Haba Baba! Mako biyu ina kwana da tashi da zargin kaina, ina sake lissafi, ina kuka a banɗakin ma'aikata, ashe kai ne. Na tambaye ka kai tsaye ka ce mini aljanu. Wallahi raina ya ɓaci, ban taɓa jin haushinka irin na yau ba.

Ka rufe shi yau ɗin nan. Zan ƙara magani daga nan na kwana huɗu, ko ya kwashe abin da ya kwanta. Allurar za ta fara hawa kafin ta sauka. Komai gurnanin da zai yi, kada ka taɓa.

A gaban kwamiti kuwa ba zan ambace ka ba. Wata bakwai ya rage maka ka yi ritaya da mutuncinka, ba zan zama sanadin a kore ka ba. Zan ce maganina ne bai yi ba.

'Yarka

Litinin

Uwata,

Assalamu alaikum. Na karanta takardarki sau uku a tsaye.

Ni ne. Ba zan ƙara miki wata ƙaryar ba. Ranar da na ji muryar injin ta canza, na ce shi ke nan, maganin yarinyar nan bai yi ba, za su yi mata dariya. Sai na buɗe bawul rabin juyi don in rufa miki asiri. Da allura ta hau na ce bai isa ba, na mai da shi juyi ɗaya. Ranar da kika tambaye ni yana kan juyi biyu da rabi. Kwalabe kuwa da gangan nake ɗiba daga gaba, don kada ki ga ruwa ya yi yawa ki gane ina taimakonki, ki ji kunya. Kin ji wautar tsoho. Kunnena na yarda da shi, ban yarda da karatun da ni na kai ki ba.

Na rufe shi ranar Alhamis kafin direba ya juya mota. Na sa kwaɗo, na ba mai gadi makullin, na ce ko na zage shi kada ya ba ni. Ranar Juma'a kuwa na zage shi. Allura ta kai yatsa ɗaya kafin jan layi, daɓen ɗaki yana rawa, kofin shayina yana tafiya da kansa a kan tebur. Na zauna a kan hannuwana kamar ɗan makaranta. Asabar ta tsaya cik. Jiya da hantsi ta sauka layi ɗaya, yau biyu. Gurnanin yana nan, amma yanzu na ji shi da kyau, gurnanin ƙoshi ne.

Maganinki yana aiki, Uwata. Ban yarda ki tsaya gaban mutanen nan ki ce bai yi ba. Ban haife ki don ki ɗauki laifina ba.

Babanki

Talata, ta hannun mai kai man inji

Baba,

Na gaishe ka. Mu ma muna ganin saukar allurar daga nan, har manaja ya yi mini sannu a baranda.

Ga mafita. Zan ce bututun ne ya ɗauki lokaci kafin ya saba da sabon kwaɓi. Za su ja mini kunne, wataƙila su mai da ni ƙaramin ɗaki, amma ba mai zuwa duba bawul. Kai dai kada ka rubuta komai a littafin aiki. Don girman Allah, Baba, ka yi shiru na kwana biyu kawai. Na huce.

'Yarka

Laraba

Uwata,

Gaisuwa. Bututu ba ya sabo, ke ma kin sani. In kika faɗi haka, gobe wani a wata tashar zai ba injinsa ruwa.

Takardarki ta same ni na riga na rubuta, da kwanan wata da yawan juyi, na sa hannu. Littafin yana gaban motar mai kai man inji, zai kai wa manaja. Makullin kwaɗon yana cikin ambulan ɗin nan, ki ajiye shi a kan teburinsu da hannunki.

Takardarki ta jikin ƙusa na sauke na karanta. A layi na uku kika rubuta kada a ƙara ruwa.

Ki ce wa mamanki ina tafe ranar Asabar da kayana. Gobe ki sa farar rigarki, ki yi magana da ƙarfi yadda na baya za su ji.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki