Batirin Yana Mafara

Sabon Gari, Maradun,
6 ga Maris, 1981.

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da aiki da zafin Kaduna. Mu nan alhamdulillahi. Dada tana gaishe ka, ta ce ko ka manta ita ta haife ka, wata biyu babu takarda.

Zancen motarka ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ka ce in riƙa tada ta kowace Juma'a don kada batir ya mutu, ina kuwa yi. Amma yau sai da ta yi ta gurnani kamar tsoho mai tari kafin ta kama. Kawu Audu ya ce tadawa a tsaye ba ta cika batir, sai mota ta yi tafiya. To ta tafi ina? Tun da ruwan dam ɗin Bakolori ya shanye fadamarmu aka maido mu kan tudun nan, wa ke da buhun da akori-kura za ta ɗauka? Can Bakura wurin su Baba ma fadama ta bushe, ruwa ba ya sauka kamar da.

Ka san ba don ado muke ajiye da ita ba. Sau biyu fukar Dada tana tashi Kawu yana kai ta asibitin Mafara a yi mata allura ta dawo da ƙafarta. In motar nan ta ƙi tashi ran da ake bukata, ban san abin da zan ce maka ba. Wallahi tsoro nake ji.

Taka,
Kubura.

Sabon Gari, Maradun,
3 ga Afrilu, 1981.

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, na karanta wa Dada har sau biyu.

Ka ce a sayi caja a jona a gida. A jona a ina, don Allah? Kana can kana zaton an kawo mana lantarki saboda dam yana bakin hancinmu. Turakun da ka bari su ne dai, babu waya a kansu, awaki ake ɗaurewa. Na yi dariya har na ji haushi.

Duk da haka ran Talata na bi Kawu kasuwar Mafara, muka je shagon Maiwada mai kayan mota. Caja biyu ya fito da su. Babbar tana cika batir kafin a tashi kasuwa, amma ya ce tafasa ruwansa take yi, in ana yawan sa shi ba zai ga damina biyu ba. Ƙaramar tana ɗura wuta sannu sannu, sai batir ya kwana biyu a kanta, amma tana sa shi tsawon rai. Kawu babbar ya so, a je a dawo rana ɗaya. Ni na kafe kan ƙaramar. Na ce kai ba ka nan, in wannan batirin ya mutu wa zai sayo wani? Kawu ya ce ni da motar mijina, ba zai ja da ni ba.

Mun ajiye ta gidan Yaya Taibatu can Mafara, su suna da wuta. Sau ɗaya a wata Kawu zai kai batirin a motar kasuwa, mijin Yaya ya maido shi ran Alhamis a babur. Mun gwada, jiya ya dawo, yau motar bugu ɗaya ta tashi. Dada ta leƙo daga ɗaki ta ce yau ta ji muryar ɗanta. Rabon da in ga haƙoranta haka tun muna tsohon gari.

Ka kula da cin abinci.

Taka,
Kubura.

Sabon Gari, Maradun,
8 ga Mayu, 1981.

Maigida,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Dada, ya sa ta huta. Na san wayar da Kawu ya buga maka ta riga takardar nan, amma ba ta faɗi yadda aka yi ba, kuma gara ka ji daga bakina.

Ran Talata Kawu ya kai batirin Mafara. Dada lafiya lau take, har ta tsince mini wake. Laraba da hantsi ina daka sai na ji numfashinta yana fito. Na ruga na kira Kawu, ya zo da makulli a hannu, sai da ya buɗe gaban motar ya ga gurbin wayam sannan ya tuna. Maza suka taru suka tura ta har gindin tudu ko za ta kama, ba ta ko yi tari ba. Hanyarmu kuwa ka san ta, in ba ran kasuwa ba babu motar da ke biyowa.

A amalanken shanu muka sa ta, kanta a cinyata. Maganarta ta ƙarshe da na gane ita ce, "Ina motar Hashimu?" Na ce mata tana zuwa. Ƙarya na yi mata, Maigida. Ba mu kai bakin titi ba ta cika, aka yi jana'iza bayan la'asar.

Kowa na cewa kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Kawu bai ɗora mini laifi ba, gara ma da ya zage ni. Ni dai na san da babbar na zaɓa, da batirin ya kwana a cikin motar ran Talata. Tsawon ransa na duba, ban lissafa kwana biyun da gida zai zauna babu shi ba. Ka yafe mini in za ka iya.

Jiya mijin Yaya ya zo gaisuwa, da batirin ɗaure a bayan babur. Kawu ya mayar da shi don a hau da motar daga gindin tudu, kada a kwance mata taya. Bugu ɗaya ta tashi, masu zaman makoki duk suna ji.

Yau Juma'a, ban tada ta ba. Makullin yana ƙarƙashin matashin Dada, in ka zo ka ɗauka da hannunka.

Matarka,
Kubura.