Bakin Farfesa

Litinin, 4 ga Maris
Ƙanwata ta ajiye koyarwa a jami'a. An ɗauke ta mai ba da shawara a ma'aikatar harkokin waje, wai tana cikin masu tattauna buɗe iyaka. Ni kuwa ga tayoyi jibge a sito. In an buɗe, farashi ya faɗi, na shiga uku. Ta zo gaishe ni a shago, na ɗan latsa ta. Sai ta kurɓi shayi ta ce, "Yaya, sukarin nan ya yi yawa." Yarinyar da na goya.

Alhamis, 7 ga Maris
Wan mijinta, mai shagon ƙarshen layi, ya karya farashin tayoyinsa. Mutumin da ko ruwa ba ya bayarwa kyauta. Wa ya tsegunta masa?

Lahadi, 10 ga Maris
Na karanta tsohuwar maƙalarta kan cinikin ƙasashe maƙwabta. Kowane shafi "wataƙila", "ta wani ɓangaren kuma". Ko a takarda ba ta yarda a kama ta.

Talata, 12 ga Maris
Na kira ta, ba ta ɗaga ba. Dangin miji sun fi ni ke nan.

Laraba, 20 ga Maris
Wani mai kwat ya zo sayen taya. Na faɗi kuɗi, bai taya ba, bai duba lambar tayar ba. Wannan ba taya ta kawo shi ba. Ya zauna, ya yaba shago, can ya ce, "Ai kai ka huta, yayan Farfesa. Kafin labari ya fito ka ji." Takalminsa bai san kasuwa ba, kuma katin ma'aikata na leƙowa daga aljihu. Na ce, "Ranka ya daɗe, dubi sitona. Wanda ya ji labari zai zauna a kan wannan?" Ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ya tafi, har ya kusa manta tayar.
Ashe ƙanwata ake aunawa. Da kalma ɗaya ta fita ta bakina, da aikinta ya tafi.

Juma'a, 22 ga Maris
Wan mijin nata, ashe mai ginin ne ya ba shi notis ya tashi, shi ya sa ya karya farashi. To. Ni dai ban zargi kowa a fili ba.

Asabar, 30 ga Maris
Ta zo, duk ta rame, ido ya faɗa. Ta daɗe tana kallon sito. Ta sassauta murya ta ce, "Yaya, maganar tayoyin nan..."
Na ce mata ta sha shayinta, yau ban cika sukari ba.
Wataƙila ma gwada ni take yi, wa ya sani da 'yan boko. Tayoyi dai ba sa ruɓewa.