Ni Na Sauya Marufan, Baba Kaporal Aka Kora

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku zage ni, na riga na zagi kaina.

Mahaifina tsohon soja ne, ya yi yaƙi a Diffa. Da ya ajiye kaki ya fara sayar da esans, wato fetur, a jarka, har Allah ya ba shi gidan mai nasa na kansa a kan hanyar Konni zuwa Malbaza. Abin taƙamarsa ɗaya ne: ba a taɓa kama shi da gaurayen mai ba. Mai sauke masa mai daga tanka abokin yaƙinsa ne, mutumin Illela, muna kiransa Baba Kaporal. Bai yi lakwal ba, bai iya karatu ba, don haka Babana ya yi masa alama: jan murfi rijiyar esans, mai ruwan ɗorawa rijiyar gazuwal, wato dizal. Da launi yake aiki, kuma bai taɓa kuskure ba.

Ni sarkin iya yi, makon jiya na ga fentin ya koɗe, na cire marufan biyu na sake shafa musu, don Baba ya yabe ni. Wajen mayarwa ina waya da budurwata, na ɗora kowanne a gurbin ɗan'uwansa. Tanka ta zo, Baba Kaporal ya bi launi. Kafin la'asar motocin siminti uku da suka sha mai a wurinmu sun mutu a hanya, direbobi sun cika mana wuri da ihu. Da na gane, sai na lallaɓa na mayar da marufan daidai. Wannan ne ke hana ni cin abinci. Kuskure daban, amma ɓoyewar fa? Wa ya sa ni?

Baba ya duba marufai ya ga daidai suke. A gaban jama'a ya ce, “Kaporal, tsuhwa ya kama ka ko sayen ka anka yi? Tashi ka ba ni wuri!” Tsohon ya ɗauki butarsa ya tafi. Ina tsaye kamar an dasa ni.

Yanzu masu motoci sun kai ƙara jandarma, Baba ya rantse Litinin da hannunsa zai miƙa musu Baba Kaporal. Na san halin Baba, in ya yanke mutum ya yanke ke nan, ko ɗansa ne. Tsoro nake ji, wallahi.

Jiya na je Illela wai gaishe da Baba Kaporal. Ya raka ni har bakin babur, ya ce, “Ɗana, na ga hwenti ga hannunka ran nan. Kak ka hwaɗi. Ubanka shina iya rasa aboki, ba shi iya rasa ɗa.”

Jibi Litinin, jama'a. Me zan yi?