Mansur Ne Da Tafiya

Hajiya Kulu, ina neman taimakonki.

Ranar Talata, 14 ga Mayu 2024, bayan la'asar, ɗana Mansur ya rasu a Tanout sakamakon zazzaɓi. Gwani ne a eshek, darar Turawa, yana da maki 1802 a ƙungiyarsu. Ya rasu ya bar wasan gasa da wani Rissa na Belbeji, wanda suke yi ta waya, tafiya ɗaya kowace rana. Mansur ya buɗe da salon da ake kira gambit na sarki: ka ba da soja guda da gangan, ka rama daga baya. Ya bayar, bai kai ga ramawa ba.

A zaman makoki, dattawan unguwa suka ga allon, suka kwashe 'ya'yan suka yi dara a ƙasa. Doki ɗaya ya ɓace, Baba Gajere, ɗaya daga cikinsu, ya maye gurbinsa da kashin raƙumi. Rissa ya aiko hoton yadda wasan ya tsaya, na mayar da kowanne gidansa.

Idan wasan ya tsaya haka aka rubuta Mansur ya sha kaye, makinsa zai sauka ƙasa da 1800, matsayin da ya daɗe yana nema. Rissa ya ce a yi canjaras. Na ƙi, domin ɗana bai taɓa karɓar sadaka ba. Ni kuwa, tsohon daraktan makaranta, har yau ban gane tafiyar doki ba. Mahaifiyarsa, Ikilima, tana son teburinta da allon ke kai.

Allon yana nan. Mansur ne da tafiya.

Wani uba, Tanout

Malam, Allah Ya jiƙan Mansur, Ya ba ku haƙuri.

Na fahimci ƙinka. Mutuncin ɗanka kake karewa, kuma allon ne kaɗai abin da ya bari a buɗe. Amma idan ka ci gaba da wasan da sunansa, za a cinye ka kafin Juma'a, a rubuta kayen a kansa.

Canjaras ɗin nan ba sadaka ba ne. Rissa ya san wanda ya ba shi sojan, shi ya sa bai yarda nasara tasa ce ba. Ka karɓa, makin ya tsaya. Daga nan ka gayyace shi Tanout ya nuna maka abin da Mansur ke shiryawa, tunda ya fi kowa sanin wannan gefen na ɗanka. Kashin raƙumin a mayar wa Baba Gajere.

Ikilima kuma, ina jin ba teburin take nema ba, mijinta take nema. Ku naɗe allon tare. Allah Ya sanyaya zukatanku.

Hajiya Kulu