A Dawo Mini da Iyafis na Arba'in da Biyu

Daga:
Mai Gyaran Janareta,
Rumfa ta uku, bayan tashar mota.

Zuwa ga:
Mai girma Shugaban Ƙungiyar Masu Sayar da Kayan Waya,
Ofishin Ƙungiya, saman bene, Layin 'Yan Waya.

Talata, 12 ga Agusta, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: MANNA HOTONA A ƘOFAR LAYINKU, DA IYAFIS GUDA ƊAYA DA SAKATARENKA YA FIZGE DAGA KUNNENA

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da 'yan kwamiti. Ni ne mutumin da hotonsa ke manne a ginshiƙin ƙofar layinku, ido a rufe, baki a ɗan buɗe, wanda 'yan layin suka laƙaba wa suna Baba Gwaji. Babbar 'yata ta ce in bari ta rubuta mini wannan takarda da lafazin ofis. Na ce mata a'a, ba kunnenta aka ja ba. Don haka in ka ga rubutu ya karkace ka yi haƙuri, maganar dai a miƙe take. Ga ƙorafina bi da bi.

1. Tun ranar Asabar, 3 ga Mayu, nake shigowa layinku neman iyafis mai sauti na gaskiya. Kafin wannan rana na sayi guda uku a rufe cikin kwali, ba gwaji, kamar yadda kuke so a yi. Na farko kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani. Na biyu kamar mai waƙar ya faɗa rijiya yana rerowa daga can ƙasa. Na ukun kuwa, ɓarin dama ya mutu ban ma kai gida ba. Dukkansu suna nan cikin akwatin sifanonina, duk mai son gani ya zo. Daga nan na ce na daina cinikin biri a sama. Daga 3 ga Mayu zuwa 2 ga Agusta na gwada guda arba'in da ɗaya, ban sayi ko ɗaya ba. Ban musa wannan ba, kuma ban ji kunyarsa ba.

2. Ranar Litinin, 4 ga Agusta, Sakatarenka ya manna takarda da hotona yana hana kowane shago ba ni gwaji ko sayar mini da kaya. Ba a kira ni ba, ba a ji ta bakina ba, hoton ma a sace aka ɗauka ina cikin sauraro. Laifi uku aka jera mini.

An ce ina ɓata wa masu shago lokaci. Ranka ya daɗe, minti uku nake yi da kowane iyafis, ban taɓa wuce haka ba. Shekara ashirin da bakwai ina gyaran janareta, kuma rabin injinan da ke ba layinku wuta sun bi ta hannuna. Ban taɓa jin wani daga cikinku ya karɓi injinsa bai ce in tayar ya ji ba. Sakataren da kansa, bara, sai da ya sa na tayar da nasa sau huɗu, ya jona firiji, ya jona fanka, ya tafi ya yi salla ya dawo, injin yana ta yi. Ban manna hotonsa a rumfata ba.

An ce ina ɓata kaya da dattin kunne da baƙin mai. Wannan ƙazafi ne. Ranar Asabar ba na taɓa inji kafin in zo. Da audugata da kwalbar sifirit ɗina nake yawo, in goge kafin in sa, in goge bayan na cire. Akwai iyafis ɗin gwaji a layinku da sai da na goge shi aka gane ashe fari ne.

An ce ina kore masu saye. Sau ɗaya ne, ranar 21 ga Yuni. Wata baiwar Allah mai ɗinki za ta biya, ni kuma na riga na ji ɓarin daman abin yana kuka kamar sauro, na gaya mata. Ta ajiye, ta yi mini godiya. In gobe aka sake, zan sake faɗa. Wanda ya ga rami ya bar maƙwabci ya faɗa ba mutumin kirki ba ne.

3. Tunda Sakatare ya ce wa mutane haukata ce, bari in faɗi yadda nake gwajin, kai ka yi hukunci. Ba na yarda a kunna mini waƙar mai shago. Su waƙar da ke dukan ƙirji suke sa wa mutum, su ƙure ƙara, sai ya ji kansa yana girgiza ya ce ai abin ya yi. Wannan dabara na san ta, don mu ma akwai ɓata-gari a sana'armu da ke ba inji wuta sosai gaban mai shi don kada ya ji ƙwanƙwasar fistan. Inji a hankali yake faɗar gaskiyarsa, iyafis ma haka. Ni waƙata nake zuwa da ita, guda ɗaya, wadda na sani kamar tafin hannuna. In rage ƙara zuwa rabi. In duba robar ta zauna a kunne daram, don in ba ta zauna ba, sauti zurarewa yake kamar ruwa a kwando. In ɗan fito bakin shago inda ake hayaniya, tunda ba a ɗakin likita zan riƙa saurare ba. Sai in rufe ido in jira. An ce gani ya kori ji, to ban da wannan kaya. Sau biyu ina samun kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, shago biyu maƙwabta, amma sauti kamar ɗan halak da ɗan tsintuwa. Ku kun fi ni sanin dalili.

4. Abin da nake jira in na rufe ido, ban so faɗarsa a takardar ofis ba, amma an kai ni bango. Waƙar ba ta rediyo ba ce. Yayana ne, Allah ya jiƙansa, yake kaɗa jita yana rerawa a tsakar gidanmu, wata rana da hantsi, shekara ashirin da biyu ke nan. Ni na ɗauka a kaset da rediyona. Innarmu kuwa mace ce da ba ta yarda a ɗauke ta hoto ba har ta bar duniya, balle murya. Kullum faɗa take wa Yaya, wai ya bar sana'a ya rungumi katako mai igiya. To ranar tana daga ƙofar kicin tana wanke kofuna, ba ta san ana ɗauka ba. Daidai minti biyu da sakan arba'in, sai ta karɓi amshin a hankali, ƙasa-ƙasa, tana buga cokali a bakin kofi. Layi biyu ta yi. Sai ta farga muna kallonta, ta yi dariya, ta ce mu tashi mu ba ta wuri, marasa aikin yi. Shi ke nan abin da ya rage mana na muryarta a duniya.

A tsohon rediyona ina jin ta. Rediyon ya mutu, kaset ɗin ya fara cin kansa, 'yata ta kai aka juye shi a waya. Ta rantse mini muryar tana ciki, ta ji ta a wurin masu juyewar. Amma lasifikar waya ba ta fito da ita, kuma iyafis arba'in da ɗaya na layinku duk sun haɗiye ta. Jitar Yaya za ka ji tana dukan kunne, Inna kuwa shiru, kamar ba a taɓa yin ta ba. To in sayi abin da ya binne mini uwa karo na biyu, don kada ran Sakatare ya ɓaci?

5. Ranar Asabar, 9 ga Agusta, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, na shigo layinku. Na ga hotona, na tsaya na karanta abin da ke ƙasansa a hankali har ƙarshe, na wuce ciki, don kasuwa ba gadon kowa ba ce. Shago bayan shago ana juya mini ƙeya. Wani ya ce kayansa sun ƙare, alhali suna rataye a kansa kamar 'ya'yan itace. Sai a shagon ƙarshe, kusa da famfo, dattijon nan da kuke kira Mai Gilashi ya tura mini benci, ya ce shi dai bai iya korar furfura ba. Ya ɗauko wani iyafis baƙi mai igiya, ba shi da ado ko kaɗan, ya ce wannan ba ya tafiya don samari sun ce ba ya duka. Na goge, na sa, na rage ƙara, na rufe ido.

Ranka ya daɗe, daidai minti biyu da sakan arba'in Inna ta shigo. Na ji cokalin. Na ji har ɗan numfashin da ta ja kafin ta fara. Layi ɗaya ta yi, saura layi ɗaya da dariyar, sai na ji an fizge iyafis ɗin daga kunnena har wayata ta faɗi ƙasa. Na buɗe ido, Sakatarenka ne da 'yan kwamiti biyu. Gaban jama'a ya ce Baba Gwaji an zo shan kiɗan kyauta, wai da girmana da gemuna na zauna ina hawaye kan waƙa kamar amarya. Batun hawaye, ƙurar layinku ce, ku riƙa yayyafa ruwa. Na ce masa na samu, saye zan yi yanzu, ga hannuna a aljihu. Ya ce doka ta riga ta hau kaina. Ya naɗe iyafis ɗin ya sa a aljihun rigarsa, wai shaida ce, ya kuma ce za a rufe shagon Mai Gilashi kwana uku. Ban taɓa shi ba. Ina so a rubuta wannan, don hannun da ke ɗaga janareta shi kaɗai ya san abin da ya danne ranar.

6. Za ka ce in aiki wani ya sayo mini irinsa. 'Yata ma haka ta ce, har ta ɗauki jaka. Na hana ta. Na farko, ban saci komai ba da zan bi ta bayan gida. Na biyu, na riga na faɗa maka kwali ba shaida ba ne a layinku, kuma Mai Gilashi ya ce wannan ne na ƙarshe a wurinsa. Na uku, ba ni da wasu watanni uku na yawo. Ranar Alhamis, 17 ga Yuli, likitan kunne ya duba ni. Ya ce na hagu ya kusa gama aiki, na dama kuma siraran sautuka ne ke fara guduwa daga cikinsa. Ladan shekara ashirin da bakwai ina kafa sukudireba a jikin inji ina ɗora kunne a kan mariƙin ke nan. Muryar Inna siririya ce. Ban faɗi wannan don a tausaya mini ba, na faɗa ne don a san cewa abin da ke kwance a durowar Sakatare ba zai jira zaman kwamitinku na ƙarshen wata ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina neman ofishinka ya yi waɗannan:

Na ɗaya, a fito da wannan iyafis ɗin, shi kansa ba ɗan'uwansa ba, a mayar wa Mai Gilashi in saya a hannunsa, a farashin da ya faɗa, ba zan nemi ragi ba.

Na biyu, a janye maganar rufe shagonsa. Benci ya ba ni. In ba da benci laifi ne, a rubuta shi cikin dokokinku kowa ya gani.

Na uku, a cire hotona daga ginshiƙi. In kuma dole sai an manna, a zo rumfata a ɗauki mai kyau, ina da sabuwar hula.

Na huɗu, kowane shago ya ajiye na gwaji guda ɗaya a buɗe. Mai kayan kirki ba ya tsoron kunne.

Haƙurin Sakatare ban nema ba, ya riƙe abinsa. Injinsa kuma in ya sake tari, ya san hanyar rumfata, zan gyara masa tsakani da Allah, zan kuma bari ya gwada.

Ina sanar da kai tun yanzu, don kada a ce na yi shigar bazata: ranar Asabar mai zuwa, 16 ga Agusta, ƙarfe goma na safe, zan shigo ta babbar ƙofa, in wuce ta gaban hotona, in hau benen ofishinka da audugata da sifirit ɗina. In an ba ni kujera in zauna, in ba a ba ni ba in tsaya, tsayuwa ba baƙuwata ba ce. A gaya wa Sakatare kada ya wahalar da kansa wajen musanya shi da wani mai kama da shi. Zan sa, in rufe ido, in jira minti biyu da sakan arba'in. In Inna ba ta shigo ba, ba shi ba ne, kuma Asabar ta gaba ma zan dawo.

In kuwa shi ne, ranka ya daɗe, zan miƙa maka ɓarin hagu ka sa a kunnenka, tunda ni dama ba ya yi mini amfani. Ka ji dariyar da kanka, sannan ka yi hukunci.

Ka huta lafiya. Allah ya ƙara girma, ya ba ka ikon yin adalci.

Naka mai biyayya ga doka, in ta gaskiya ce,

Mai Gyaran Janareta na bayan tasha,
wanda kuke kira Baba Gwaji.