Layin Alli a Gidan Kafinta

Lahadi, 4 ga Mayu

Yau ma na ji abin nan a ajin matasa. Da yawansu, har da iyayensu in za a faɗi gaskiya, suna ɗauka Allah da Shaiɗan 'yan kokawa biyu ne masu ƙarfi ɗaya, yau wannan ya kayar, gobe wancan. Na ce musu a'a. Shaiɗan halitta ne. Yana jarraba, yana ruɗi, yana tsoratarwa, amma wanda Almasihu ya fansa ba nasa ba ne, kuma ba ya wuce iyakar da aka yanka masa. Suka gyaɗa kai irin na a sallame mu mu tafi gida.

Don haka na rubuta ɗan wasan kwaikwayo a kan bawan Allah nan mai haƙuri da aka gwada da asara da ciwo. Zan ja layi da alli a ƙasa, mai fitowa a Shaiɗan ba zai tsallake shi ba. Su gani da idonsu. Na ba Rediyo wannan matsayi, 'yar Kafinta mai yi mana bencin coci. Yaran ne suka sa mata sunan, don bakinta ba ya hutawa. Babu mai haddace magana kamarta.

Laraba, 7 ga Mayu

Gwaji. Na ɗinka mata mayafi da baƙin ƙyalle. Ta yi ta ƙorafi wai an cuce ta. "Malama, wannan wane irin Shaiɗan ne? Komai sai ya nemi izini, kamar ɗan aji ɗaya zai je bayan gida." Muka yi dariya har da hawaye. Ta ce a gida babanta ke taya ta bita. In ta zo wurin "a ba ni jikinsa in taɓa" sai ta nuna shi da yatsa, shi kuma ya faɗi a kujera yana shure-shure.

Lahadi, 11 ga Mayu

An yi wasan. An tafa sosai. Kafinta ya fi kowa tafi, da hannayen nan nasa kamar faranti. Na gode wa Allah.

Litinin, 12 ga Mayu

Kafinta ya faɗi a shago da safe. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na je asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, ya daɗe yana cinsa bai sani ba. Matarsa ta ja ni gefe a baranda. Wai tun ranar Litinin Rediyo ba ta ce uffan ba. Abu ɗaya ta faɗa da aka kawo labari, cewa ita ce ta roƙi jikinsa kuma an ba ta. Daga nan ta kulle baki. Abinci sai an yi da gaske.

Na ce wannan ai maganar wasa ce, ni na rubuta ta da hannuna a teburin cin abinci. Matar ta dube ni kawai. Ban san abin da ke cikin kallon ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

An sallamo shi gida. Rediyo ba ta zo aji ba, kuma wurin zamanta babu wanda ya matsa kusa da shi. Wata yarinya ta tambaye ni ko gaskiya ne abin ya shige ta ta cikin mayafin. Na amsa da kyau, da ayoyi, yadda aka koya mana a makaranta.

Amma da na je ɗakin ajiya na ga mayafin a kan kujera, da tsintsiya na tura shi bayan kwali. Ban taɓa shi da hannu ba. Ni. Ya Ubangiji.

Talata, 20 ga Mayu

Na je gidansu. Tana zaune a tsakar gida ta jingina da bango, leɓunanta sun bushe. Ba ta shiga ɗakin babanta. In aka buɗe ƙofar ma sai ta juya baya, ta sa hannun damanta a hammata ta matse, hannun da ta nuna shi da shi.

Na zauna kusa da ita na yi ta magana. Cewa baki ba ya shanye jikin mutum. Cewa wadda aka yi wa baftisma cikin sunan Yesu ba gidan haya ba ce da kowa zai shiga. Cewa babban aikin Maƙiyi shi ne ƙarya da zargi, kuma abin da yake yi mata ke nan yanzu. Duk gaskiya ne. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Kakarta ta fito da tsintsiya tana share inda babu datti. Ta ce ranar Asabar za ta kai ta wurin wani mai gidan addu'a a bayan gari, a fitar da abin. Na san wurin. Azumin dole, da igiya a ƙafa ga wanda ya yi gardama. Yarinyar da ta riga ta daina ci!

Na ce, "Kaka, don Allah ki yi haƙuri, babu komai a jikin yarinyar nan."

Ta ce, "'Yar nan, ke kika sa mata rigar. Ki bar masu cirewa su cire."

Laraba, 21 ga Mayu

Fasto ya je ya yi musu addu'a, ya roƙi Kaka. Ta saurare shi da ladabi, ta raka shi har ƙofa, ta dawo ta ci gaba da haɗa kayan yarinyar a jaka. Uwar ba ta iya musu da surukarta, ga miji a kwance.

Maigidana ya ce in ci abinci, kada a wayi gari ya zama shi ne mai jinyar rediyo biyu. Ban yi dariya ba. Ya ba ni haƙuri.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na kasa addu'a. In na durƙusa sai in ji tambaya ɗaya: idan fa Kaka ce ke da gaskiya? Shekara nawa ina koya wa yara cewa yana da iyaka, ga shi ban san inda iyakar take ba. Mutumin kirki a kwance yana zubar da miyau, 'yarsa tana bushewa a tsakar gida. In wannan ne cikin iyaka, to wajenta fa?

Jibi ne Asabar.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na koma gidan ba tare da na san abin da zan ce ba. Na shiga gaida Kafinta. Ɗakin yana warin man zafi, an jingina shi da matasai yana fuskantar ƙofa, daga nan yana hango 'yarsa a bakin bango. Ashe duk abin da ake faɗa a tsakar gida yana ji.

Ya yi ta nuna aljihun rigar aikinsa da ke rataye. Matarsa ta laluba, ta fito da guntun allin da yake sa wa katako alama. Ya nuna ni, ya nuna ƙasa. Na gane layin wasan yake nufi. Na sunkuya zan ja a bakin ƙofar ɗakinsa, sai ya buga gadon da hannun hagu, da ƙarfi, har kofi ya faɗi. Ya yi mini alamar in ƙara gaba. Na fita tsakar gida, na sunkuya a gaban Rediyo. Ya sake bugawa. Gaba. Na wuce ta, na wuce igiyar shanya da Kaka da jakarta, yana ta kaɗa hannu, har na kai ƙofar gida. Nan ya sauke hannun. Na ja layin daga wannan bango zuwa wancan. Layin ya fito a karkace.

Da na juyo, kowa yana ta cikin layin, gefe ɗaya da Kafinta. Har yarinyar.

Ya yi ta kokawa da harshensa. Abin da ya fito da ƙyar, amma duk mun ji: "Ke... ciki. Tawa."

Rediyo ta dubi layin, ta dubi ƙafafunta. Sannan ta rarrafa, ba ta ma miƙe ba, har bakin gadon. Ya kamo hannun nan da take ɓoyewa ya ɗora a kan ɓarin da ya shanye, ya danne da nasa. Ta fashe da kuka irin na ƙaramin yaro, da majina da komai.

Kaka tana tsaye tana kallo. Jakar dai tana nan a inda take.

Asabar, 24 ga Mayu

Ba a tafi ba. Kaka ta ce a bari a ga mako mai zuwa. Uwar ta aiko cewa yarinyar ta sha shayi da burodi, kuma ta ce sukari ya yi kaɗan.

Talata, 27 ga Mayu

Kafinta yana nan yadda yake. Likita bai yi alkawarin komai ba. Tambayata ta ranar Alhamis ma tana nan, ban sami amsar da zan rubuta a allo ba. Rediyo tana magana kaɗan-kaɗan, ita ke ba shi abinci a baki, tana yi masa faɗa in ya zubar. Kaka ta hana a share ƙofar gida, wai ƙura ba ta dame ta ba.

Na biya ɗakin ajiya neman abin goge allo. Babu. Na jawo baƙin ƙyallen nan daga bayan kwali, na kakkaɓe, na yaga shi biyu. Yana goge alli da kyau. Sai da na gama na lura cewa da hannuna na ɗauko shi.

Ranar Lahadi ba zan yi dogon bayani ba. Zan ba kowane yaro guntun alli, ya je gida ya ja nasa layin, ya duba ta wane gefe yake tsaye, da wa ke tsaye tare da shi. Na ƙirga allin, guntu ɗaya zai rage a jakata, nawa ke nan. Malama, ke ma ki gwada.