Mazarƙwailata Ta Dawo Daga Kaduna

Laraba da dare, tsakiyar bazara, Makarfi.

Maƙwabcina Malam Bitrus ya dawo da mazarƙwailar da na ba shi ya nuna wa kamfanin fitar da kaya a Kaduna. Ya ce, "Alhaji, Baturen ko ɗanɗanawa bai yi ba. Wai kayan zaƙinsu daga ƙasashe masu kuɗi irinsu suke sayowa."

A rediyo kullum sai a ce mu nemi kasuwar Turai. Ni tun ina saurayi 'yan Maraɗi ne masu sayenta, talakawa irinmu masu jefa ta a koko. Su kuma soja sun rufe iyaka, sun hana su zuwa.

Ɗaki cike yake da mazarƙwaila, ta fara narkewa. Gobe zan ce wa ƙanena kada ya ƙara saran rake.